Takalman da ke ƙarƙashin tiren Iya Uwani

Kowa a unguwar Barroquinha ta birnin Salvador ya san Iya Uwani mai ƙosai, amma ba kowa ya lura da takalman maza da take naɗewa a tsumma ƙarƙashin tirenta ba. A Salvador bawa ba ya sa takalmi. Baƙin mutum in ya tsaya gaban alƙali ƙafa ba takalmi, sai a ɗauke shi gudajjen bawa, a sayar. Ita kuwa Iya kullum tana hanyar gidan yari, tana kai wa masu jiran shari'a abinci, tana nemo musu shaidu.

Ranar shari'ar Ɗanbaba, ɗan dakon da ya fanshi kansa, ta miƙa masa takalman. Ƙafarsa ta ƙi shiga.

"Iya, sun matse ni."

"Marin ƙarfe ya fi su matsi, ɗan nan. Tura!"

Ta shafa masa manja a dunduniya. Ya shiga kotu yana cije leɓe. Ta tsaya a waje tana addu'ar kada ɗingishinsa ya sa alƙali shakka.

Bayan la'asar aka sako shi. Ta karɓi takalmanta, ta goge manjan, ta tafi jiƙa waken gobe.