Warin Fata a Randar Gidanmu

Shekarar da shanu suka mutu na haifi ɗiyata ta fari. Turawa ba su zo ba tukuna, tabkin Madarunfa kuwa yana cike da kifi, itatuwa sun rufe bakinsa har rana ba ta taɓa mai ɗiban ruwa. Ciwon ya shigo garke, saniya ta kwanta da safe, kafin la'asar ta tafi. Fulani suna kuka kamar yara. Mu kuwa gidan majema aka kai ni aure, saboda haka abin da ya zame wa mutane masifa ya zame wa maigidana kasuwa. Fata ta yi yawa har ana roƙonsa ya ɗauka.

Ni 'yar manoma ce daga Safo. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, shi ya sa ban koma gida wanka ba, na yi jegona a hannun surukata. Inna nake ce mata. Mace ce gajera, mai faɗa, wadda ba ta taɓa yaba wa tuwon kowa ba. Wallahi a lokacin ba na sonta, ba zan ɓoye ba. Kullum sai ta ce ina toshe hanci kamar 'yar sarki, alhali warin jima ne ya ciyar da gidan tun kakanni.

Da tukwane ake jiƙa fata, a bayan gida. To fatar saniya ba ta akuya ba ce, ga su kuma tuli. Sai maigidana da 'yan uwansa suka kwashe su zuwa tabki, suka kafa turaku a cikin ruwa suka ɗaure su, dab da inda mata ke saka tulu. A can suke kankare gashi da kitse, su zubar da ruwan toka. Ba mugunta ba ce. Kowa yana cewa tabki babba ne, me zai yi masa?

Ni dai tun ranar da aka kawo ruwan nan na ji shi. Wani ɗoyi ne siriri, can ƙasan ruwan, kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ruwan wankana ana tafasa shi, kununa ma dafaffe ne, ban ga komai a jikina ba. Amma jaririya a al'adarmu ana ba ta ruwa da ɗan ludayi, kuma daga randa Inna take ɗebowa. Bayan suna da 'yan kwanaki cikin yarinya ya ɓaci. Ta yi ta zawo, idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa, kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa.

'Yan yanzu ba za su gane ba. A zamaninmu mace ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ki kiran sunansa, ba ki kallonsa a gaban mutane, in za ki ba shi nono sai an tilasta ki, kina juyar da kai. In ya yi ciwo, wasu ne za su damu, ke sai ki yi kamar ba ki gani ba. Wadda ta saɓa, har ta tsufa ana nuna ta da baki. Haka na zauna a kan gado ina kallon bango, ɗiyata tana ƙarewa a cinyar Inna, na san abin da ke kashe ta, bakina a rufe.

Na gwada ta bayan gida. Na ce, "Inna, ruwan nan fa ni ba ya yi mini daɗi."

Ta ce, "Ke dai komai na gidan nan ba ya yi miki daɗi. Sai mu aika Safo a kawo miki naku."

Ta sunsuna ludayin ta ce ba ta ji komai ba. Gaskiya ta faɗa. Hancin da ya tashi cikin jima ina zai ji fata a ruwa? Duk gidan ba mai ji sai ni baƙuwa. Suka yi ta jiƙa sassaƙe, aka karɓo rubutu wajen liman, kuma duk da ruwan randar nan ake haɗawa.

Wata hantsi mata sun cika ɗakin, sun zo dubiya. Na ga Inna ta cika ludayi ta kai bakin yarinya. Ban san sa'ad da na tashi ba. Na buge ludayin ya faɗi, na ce da ƙarfi, "Kada ki ba ta! Ɗiyata ce, kuna kashe mini ita da ruwan fata!"

Wata ta kama baki, wata ta ce, "La'ilaha, yau mun ga rashin kunya." Na sunkuyar da kai ina jiran mari.

Inna ba ta mare ni ba. Ta miƙa yarinyar ga maƙwabciya, ta ɗebi ruwa cike da ƙwarya ta fita tsakar gida. Akwai jakin wani baƙo da ya kawo bagaruwa daga wajen Ɗan Isa, yana ɗaure a rana tun safe. Ta ajiye masa. Jaki ya kai hanci, ya yi firji, ya ɗaga kai. Ta matsa masa ƙwaryar, ya ja da baya har igiya ta miƙe. Ina leƙe ta ƙofa na ga tsohuwar nan ta tsaya tana kallon ruwan, ta daɗe.

Daga nan ta ɗaure zane ta nufi tabki. Waɗanda suka gani sun ce cikin ruwa ta shiga har ƙugu, ta riƙa tumɓuke turaku tana jifa da su bakin gaɓa. Maigidana ya rugo yana cewa, "Haba Inna, fatun za su lalace, ba su jiƙu ba!"

Ta ce, "Su lalace. Abin da jaki ya ƙi kake ba 'yarka. In ka sake kafa turke a nan ban yafe maka nonona ba."

Fatu da yawa sun ruɓe, ya yi asara, ya yi kwanaki ba ya yi wa kowa magana. Amma Inna ta sa shi da 'yan uwansa suka haƙa ramuka can bayan gari, inda ruwan sama ba ya gangarowa tabki, suka daɓe su da laka, suna kai ruwa a jakai. Gashi da kitse kuwa a binne. Da matan unguwa suka ji, ashe yaran gidaje da yawa haka suke fama, sai suka tashi su ma. Aka ware inda ake wanki, aka ware inda dabbobi ke sha, wurin saka tulu aka bar shi shi kaɗai. Har yau in na ga yarinya ta jefa gwangwani a wurin, sai ta ji bakina, ko 'yar wane ce.

Tabkin bai warke nan da nan ba. Don haka Inna ta tafi gulbi, ta tona rami a cikin yashi da sakaina, ta zauna tana jira ruwa ya tsatso fari. Tafiya ce mai nisa ga mai ciwon gwiwa. Kullum da sassafe za ta tafi da ƙaramin tulu, ta dawo tana tsaki tana zagin duwatsun hanya, ta tafasa ruwan ta bar shi ya huce. Ba ta yarda kowa ya je a madadinta ba, wai mu duk ƙazamai ne.

A hankali zawon ya tsaya. Yarinya ta kama nono da ƙarfi har na ji zafi, ban taɓa jin daɗin zafi irin wannan ba. Matan da suka ji abin da na faɗa kuwa, Inna ta bi su gida gida ta ce zazzaɓin jego ne ya yi magana, duk wadda ta maimaita da ita za ta yi. Ba wadda ta maimaita. Allah ya jiƙan matar nan, ya sa ta sha daga Alkausara. Na gode mata, kuma ina gode mata har gobe.

Wata rana bayan na gama wanka, ta shigo ta ɗora mini yarinyar a cinya, fuska a murtuke. Ta ce, "Riƙe mini wannan. Zan tafi gulbi, kuma zan daɗe. Mazan suna bayan gari, ba kowa a gidan."

Ta saki asabari ta rufe ƙofa. Na saurari tafiyarta har ta ɓace. Sannan na ɗago ɗiyata na dube ta sosai, goshi da hanci da ɗan bakin nan, na sa fuskata a wuyanta na yi ta kuka. Na kira sunanta, na sake kira, na sake kira.