Fuskar Sorcha a bangon Manus

Manus Gallagher maƙwabcina ne a tsibirinmu shekara sittin. Aikinsa shafa wa kwalekwalen masunta fenti. Abin da ya rage a gindin gwangwani kuwa, da shi yake zane.

Shekarar da matarsa Sorcha ta rasu, ya zana matar nan ta labarin kakanninmu a bangon ɗakin girkinsa, wadda ke fitowa daga teku a kan farin doki ta ɗauki mutum zuwa ƙasar da ba a tsufa. Amma fuskar ta Sorcha ce. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, don haka nan kaɗai ake ganinta. Nakan tsokane shi cewa dokin ya fi kama da jakina, shi kuma ya ce ai ni ya kalla ya zana.

A wajenmu Fada, limamin cocinmu, yakan zagaya gida-gida yin addu'a, kuma gidan da layi ya zo kansa sai an shafe shi da farar ƙasa ciki da waje. Maƙwabta ke taruwa su yi. Layin Manus ya zo, aikin shafen ya faɗo ranar da na tsallaka teku da shi wajen likitan ido, wanda ya ce hasken da ya tafi ba zai dawo ba. Ƙanwarsa Nuala ce ta ja ragamar aikin.

Da muka shigo, an riga an shafe bangon zanen, yana nan da ɗanshinsa. Farar ƙasa in tana jiƙe ba ta rufe komai, sai ta bushe take fari. Sorcha na nan, kamar a bayan labule.

"Yaya, kunya za ka ba mu? Fada ya yi addu'a gaban matar aljanu?" in ji Nuala.

Na ɗauko tsumma na goga gefe guda, sai fentin ya biyo tsumman, ƙafar dokin ta tafi. Manus ya riƙe mini hannu.

Muka ja kujeru muka zauna. Aka kawo shayi, ya huce a gabanmu. Teku ta fara ɓacewa, sannan dokin. Shi ba ya gani sosai, sai yana tambayata inda aka kai, ina faɗa masa.

"Idanun fa, tsoho?"

"Suna nan."

Can ya sake tambaya. Na kalli bangon, ya yi fari fat, shi kuma bai ƙara tambaya ba.

Ya yi shekara huɗu a duniya bayan wannan. Kujerarsa kullum tana fuskantar bangon.