Sarƙa ta Biyu da Ya Ɓoye a Minna

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da yayata, muka nufi tashar Kuta. A gida an san kasuwar Minna za mu, duba labule da kwanuka. Yayata kaɗai ta san gaskiya: zuwa zan yi in ga abin da ya riƙe mutumin da zan aura.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, yana karatun digiri na biyu ne a Minna. An sa mana rana, sai ga magabatansa sun dawo suna roƙon a ƙara wata uku, wai aikinsa na makaranta bai kammala ba. Baba ya ce zai ba su amsa ranar Juma'a. Ya kira ni gefe ya ce in zuciyata ba ta kwanta ba in faɗa masa, ya mayar musu da kayansu, ba dole. Zuciyar kuwa ba ta kwanta ba. Mutumin da a da sai kunnena ya yi zafi da waya, yanzu minti biyu sai ya ce, "Bari in koma, ina auna tsakanin amino asid." Sau biyu ina jiyo dariyar mace a bayansa. Na karanta littattafan soyayya cike da akwati, ban taɓa ganin inda aka ɗage biki, aka ji dariyar mace a waya, kuma labarin ya ƙare da daɗi ba.

Mutum huɗu aka cusa mu a bayan ƙaramar mota, biyu a gaba, kuɗin mota kuma ya kusa ninka abin da na biya bara. Wani dattijo ya rungume kwalin busasshen kifi daga bakin dam, kafin mu yi nisa ƙarninsa ya cinye turaren da na ɓata lokaci ina fesawa. Hanyar akwai ramuka, akwai shingayen masu tsaro, a kowane shinge sai an leƙo an ƙare mana kallo. Ni ma kowa kallonsa nake yi. Wata budurwa a gaba tana ta murmushi da wayarta, sai da na miƙa wuya na ga hoton jariri ne sannan na koma na jingina. A Gwada doya jibge a bakin titi kamar an gina katanga da ita, matan Fulani na wucewa da ƙoren nono a ka. Yayata ta taya doya ta taga, da ta ji farashi ta ce a bar ta, tuwon dawa bai taɓa kashe kowa ba.

Mun shiga Minna da hantsi. Muka tsaya Tudun Wada wajen wata mai waina, yayata ta ci nata ta ci rabin nawa. Daga nan muka hau keke zuwa Barkin Sale inda yake haya. Ba mu shiga ba, a ƙofar gida muka tsaya na tambayi matar mai gidan ko yana nan. Ta ce da irin Hausarta, "Shi yana fita safe, sai dare yana dawo. Ko abinci ba ya dafa." Na tambaya ko baƙi na zuwa wajensa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne baƙo na farko." Ban yarda ba. A littafi ma masu gida da bakinsu ake haɗawa.

Ban kira shi ba har muka isa makarantar, muka yi tambaya aka nuna mana ɗakin da yake aiki. Na zaci zan ga kwalabe masu launi suna hayaƙi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur biyu, fanka a tsaye saboda babu wuta. Ga shi zaune gaban kwamfutar hannu, ya rame, suma ta taru. Ga mace kusa da shi, kansu ya kusa haɗuwa a kan allo. Na ce a raina, yau ga shafin da nake tsoro.

Sai matar ta miƙe da ƙyar, tana dafe da ƙugu. Tsohon ciki ne da ita, da zoben aure a yatsa. Ta yi dariya, na gane dariyar nan take. Ta ce, "Amaryarmu ce. Kin fi hoton kyau. Ki zo ki ɗauke mana shi, ya ishe mu da tagumi." 'Yar kudancin Kaduna ce, ajinsu ɗaya, mijinta malamin asibiti ne a garin. Na gaishe ta da ladabi, amma a raina na ce ai tana iya yiwuwa tana da ƙanwa.

Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ya gaida yayata har da rusunawa, ya jawo mana kujeru. Na ce ba zama ya kawo ni ba, so nake in ga amino asid ɗin da suka fi ni. Ya karɓi carbin yayata ya miƙe shi. Ya ce furotin, sinadarin da ke gina jikin halitta, kamar haka yake, sarƙa ce doguwa, kowace ƙwaya amino asid ce, kowace da lambarta. Sannan ya dunƙule carbin a tafin hannunsa. Ya ce haka yake naɗewa a cikin jiki, sai ƙwayar da ke farkon sarƙa ta zo ta jingina da wadda ke can ƙarshe. Aikinsa shi ne ya fitar da jerin waɗanda suke taɓa juna a wani furotin na ƙwayar cutar sammore, mai kashe shanu, don masu neman magani su san inda za su sa hannu. Kwamfuta ke auna tazarar, in ta gaza wani ɗan ma'auni sai a rubuta cewa sun taɓa. Maƙwabta na jikin sarƙa ba a lissafa su, don kusancinsu ba labari ba ne.

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce sau biyu malaminsa na dawo masa da aikin. A jerin akwai wasu lambobi da aka ce suna taɓa juna, amma in ka duba hoton furotin ɗin, kowacce tana nata gefen. Malamin ya ce ko dai lambobin na ƙarya, ko mai lambobin. In aka sake dawo da shi a mako mai zuwa, sai wani zangon. Abin da ya sa ya nemi wata uku ke nan, kunya ta hana shi gaya mini.

Ya juyo mini da allon. Wani abu ne shuɗi, a murɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ya haska lamba sha uku a sama, ya haska saba'in da huɗu can ƙasa. Jerin ya ce manne suke. Ni ban san kimiyya ba, amma wannan yanayin na san shi. Na ce, "In an ce wance na taɓa wane, ka kuma gan su kowa a kusurwarsa, to akwai wanda ba a nuna maka ba. Wa aka ɓoye a hoton nan?"

Ya yi murmushin gajiya ya ce, "Ranki ya daɗe, nan ba littafi ba ne."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta jawo kwamfutar gabanta ta ce, "Tsaya, oga. Wannan furotin ba biyu-biyu yake zama ba?" Ta danna wani wuri, sai ga wata sarƙa ta fito, ruwan goro, kamarsu ɗaya da shuɗiyar, ta rungume ta ta gefe. Lamba sha uku ta shuɗiya kwance take a jikin saba'in da huɗu ta ruwan goro. Ashe shi da kansa ya ɓoye ta biyun tun farkon aikin, don hoton ya yi kyau a takarda. Da ya zo kwafe lambobin kuma ya share layin da ke nuna kowace daga wace sarƙa take, yana ganin ba shi da amfani. Watanni yana zargin kwamfuta.

Ya ɗora hannu biyu a ka. Matar ta ce, "Amarya, sadakinki ya ƙaru." Nan suka hau raba jerin gida biyu, na cikin sarƙa daban, na tsakanin sarƙoƙi daban, tana karantowa yana rubutawa, suna tsere da batirin da ya kusa mutuwa. Na zauna ina kallonsa. Rabona da ganin fuskarsa a sake haka tun ranar sa rana.

Mun bar su bayan azahar. Muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa kusa da kasuwa, naman ƙanana kamar an yanka da reza, amma miyar ta yi. Muka zaga rumfunan labule don kada mu koma da ƙarya zalla. Ya biyo mu tasha da gudu da ledar lemo, ya ce in Allah ya yarda wata ɗaya ma ya isa. Na ce ya dai fara aske sumar nan. Muka kama hanya da wuri, don hanyarmu ba ta tafiyar yamma ba ce.

Mun iso Kuta kafin magariba. Na sami Baba a kan tabarma na ce a ba su lokacin da suka nema, kayan su zauna. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Na ga abin da ya ɓoye, Baba. Ruwan goro ce, kuma a cikin kwamfuta take." Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambayi yayata ko rana ta buge ni a hanya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, hancina bai yi ƙarya ba, akwai abin da aka ɓoye. Inda na kuskure shi ne na zauna a Kuta na yanke ko mene ne, har na kusa sa a mayar da kayan mutumin da kunya kawai ke cinsa. Zargi ban daina ba, halina ne. Amma daga yau, kafin in yi kuka, sai na ce a buɗe mini hoton gaba ɗaya.