Shekara Tara Babu Maman Dauda

Shekara tara ke nan cif da muka kai Rifkatu makwancinta. A unguwa ba wanda yake kiranta da wannan suna. Maman Dauda kowa ya sani, ni ma haka nake ce mata. Sai da ta tafi na ga bakina ya koma kan sunan da na fara saninta da shi tana budurwa a ƙauyenmu na Filato. Shekara talatin da huɗu muka yi tare, kusan duka a wannan gida na Unguwar Boro, inda nake zaune yau ni kaɗai.

Wanda bai santa da lafiyarta ba, da wuya ya gane abin da ciwo ya ƙwace mata. Tela ce, tana da shago a unguwar Television, kuma ita take ɗinka wa zumuntar matan cocinmu anko. In an yi rasuwa, tana gindin tukunya. In an yi haihuwa, ita ce da ruwan zafi. Ban tuna ranar da na dawo daga aikin masaƙa a Kakuri na tarar da ita zaune haka kawai ba. Ko addu'ar safe, da tsintsiya a hannu take ƙarasa ta.

Ciwon suga ne ya kama ta, ta kuwa raina shi. Da ta fara kasa zura zare a allura, sai ta ce fitilar shagon ce ba ta da kyau. Cikin shekara biyu ido ya tafi, haske da duhu kawai take rarrabewa. Daga baya wani ɗan miki ya fito mata a ƙafar hagu, ya ƙi warkewa. Lokacin an riga an rufe masaƙa, ina gida. Ɗanmu Dauda yana aiki a Legas, ƙanwarsa Hannatu tana aure a Lafiya. Jinya ta dawo hannuna, ni da ko ruwan shayi ban taɓa dafawa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa yaran ba, kuma na san za su karanta shi a nan. An ba ni labarin wani mai addu'a a bayan Gonin Gora, wai makafi suna buɗe ido a wurinsa. Na ce mu je. Ta ce, "Baban Dauda, Allahn da ke can ba ya nan gidan ne?" Na ce ta cika gardama. Na matsa har ta ɗaura ɗankwali ta miƙo mini hannu.

Rumfa ce babba, cike da mutane. Da layi ya zo kanmu, mutumin ya dafa kanta, ya yi ta ɗaga murya, sannan ya ce ta faɗa wa jama'a abin da take gani. Ta ce, "Ban ga kome ba." Ya sake, ta sake faɗa masa haka. A karo na uku sai ya juya ga mutane da abin magana a hannunsa ya ce matar nan tana da ɓoyayyen zunubi da ta ƙi furtawa, shi ya tare mata warkarwa.

A mota muna dawowa ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kai ma haka kake gani?" Na juya ina kallon masu tallan burodi da ayaba a bakin titi, ban ce kome ba. Ba don na yarda ta ɓoye wani abu ba. Na gaji ne, ina neman dalili, kowane iri, domin ciwo mai dalili ya fi mini sauƙin ɗauka. Amma ita shirun ta ji. Kwana huɗu ba ta ce mini kome ba sai "na gode" in na ba ta abinci.

Ba zan mayar da ita waliyiya don ta mutu ba. Ta yi fushi da ciwon, ta yi fushi da ni, akwai ranar da ta yi jifa da kofi don na sa mata abinci ba gishiri kamar yadda likita ya ce. Ta ji zafin yadda matan zumunta suka yi ta raguwa, daga masu zuwa kowane mako zuwa masu aiko gaisuwa. Wadda ba ta fasa ba ita ce Hajiya Asabe ta Tudun Wada, wadda take sayar mata da yadi tun da. Duk wata sai ta zo da kwaɗon zogale, su zauna a tabarma suna gulmar matan da suka yi wa ciniki, har in ji dariyar Rifkatu daga waje. Tun bayan zaman makoki ban sake ganin Hajiya ba. Ban ga laifinta ba, me zai kawo ta gidan gwauro?

Kowace safiya nakan wanke mata mikin kamar yadda wata nas ta koya mini, in durƙusa, ƙafarta a kan cinyata. Wata rana ina cikin wankewa ta ce, "Ka san wani abu? Da ina da ido, na ɗauka Ubangiji yana ƙaunata ne don ina da amfani. Yanzu ba abin da nake tsinana masa. Ko cocinsa ba na iya sharewa. Amma ban ji ya tashi ya bar ɗakin nan ba."

A wannan lokaci ya kamata in ce ta gafarta mini. Maganar ta zo har bakina. Abin da ya fito shi ne, "Ruwan bai yi zafi ba?" Ta ce, "Ya yi daidai." Ta dafa kaina na ɗan lokaci, sannan ta janye hannunta. Har yau ban sani ba ko ta gane abin da nake nufi. Wata takwas bayan haka ta rasu a asibiti, ranar Laraba da la'asar, ana yayyafi.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce in ta ga yau. Shagonta ya zama wurin cajin waya. An ɗaga ginin cocin, an sa manyan lasifikoki, yaran da ta ɗinka wa kayan baftisma su ne masu riƙe da hidima, yawancinsu ba su san sunanta ba. Katangun unguwa sun yi tsawo, ba mai shiga gidan wani sai ya fara kira. Da hakan ya ba ta haushi ƙwarai, ita da ba ta san sallama biyu ba kafin ta faɗa tsakar gidan mutum. Hannatu ta haifi 'ya mace ta sa mata suna Rifkatu. Ina ganin yarinyar a waya, tana ɗaga mini hannu ta gudu. Masu alkawarin warkarwa kuwa yanzu ba sai ka je wurinsu ba, suna cikin wayar kowa. Ina jin da ta saurare su har ƙarshe, ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa zama awa ɗaya da mara lafiyar da bai warke ba.

Ni ma nawa ya zo. Shekara biyu ke nan hannuwana suna karkarwa, likita ya ce irin wanda ake lallaɓawa ne, ba a rabuwa da shi. Maɓallin riga yakan ci mini lokaci mai tsawo. Dauda ya turo mini lambar wani mai addu'a, na yi masa godiya, ban kira ba. Ba na musun cewa Allah yana warkarwa, ina roƙonsa kullum. Amma na daina jiran sai ranar da na warke kafin in ce yana tare da ni. Akwai ranakun da nake jin haka sarai, ina shan kunu a bakin ƙofa. Akwai kuma ranakun da gidan nan yake zama gida kawai, da kujeru, da ni. A irin waɗannan ranaku nakan yi addu'ar a takaice in tashi in wanke kwanona.

Ba ta bar dukiya ba. Kekenta na ɗinki yana wurin Hannatu, zannuwanta an raba wa 'yan'uwa. Abin da ya rage nata, in na duba da kyau, yana cikin yadda nake ɗaukar raunina. Ni mutum ne mai jin kunyar a gan shi ya kasa, ita kuwa a gabana ta koyi kasawa, da kuka, da faɗa, har ta iya.

Ran Lahadin da ta wuce aka yi jibin Ubangiji a coci. Da aka miƙo mini ɗan kofin, hannuna ya hau rawa, rabi ya zube mini a riga. Na so in ajiye in fita. Wata tsohuwa 'yar Binuwai da ke zaune kusa da ni, wadda ko sunanta ban sani ba, ta miƙo hannu ta tsaya, tana jiran ta ga ko zan yarda. Na ce, "Mama, riƙe mini." Ta tallafe hannuna da nata har kofin ya kai bakina. Da aka tashi ta bi hanyarta, ni ma na tako a hankali zuwa gida, na jiƙa rigar a bokiti, na zauna.