Taimama a Bayan Ɗaki

Shekarar da fara ta cinye mana gero a ƙauyenmu, gabas da Keita, ita ce shekarar da na rasa ɗiyata. Ko yaye ba ta kai ba. Yunwa ta ƙafar mini da nono, yarinya ta yi ta ramewa har ta cika. Aka binne ta a bayan ɗakina.

Da rani ya yi, rijiyarmu ma ta ƙafe, sai ɗan ruwan sha da muke ɗaukowa daga fadama. Alwala ta gagara, aka koma taimama. In lokacin salla ya yi, sai in zaga bayan ɗaki, in buga tafuna a ƙasar nan, in shafa a fuska. Ban zaɓi wurin ba, ƙafata ce ke kai ni.

Sallar kuwa, baki kawai ke motsi. Ina Fatiha ina jin kamar ƙaiƙayi nake taunawa. Ko hannu na daina ɗagawa, don ban ga abin da ya rage in roƙa ba.

Uwar mijina, wadda ba ta bar tsafin kakanni ba, ta ce, "Ke yarinya, wanda kike kira bai amsa ba. Zo mu kai baƙar akuya gindin dutse."

Na ce, "Inna, bai amsa ba, gaskiya ne. Amma ɗiyata tana hannunsa. In na juya masa baya, wurin wa zan neme ta?"

Na zaga bayan ɗaki, na buga tafuna.