Agogon da Rana Ta Rina

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon malamin makaranta ne a Kabo. Tun yana saurayi yake tara tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda alhazai suke dawowa da su daga Makka a zamanin da. Fuskar agogo ya fi dubawa. Yakan ce akwai fuskar da rana da shekaru suka rina, akwai kuma wadda 'yan kasuwa suka turara da hayaƙi don ta yi kama da tsohuwa.

Da ganinsa ya yi rauni, sai na zama idonsa. Ya riƙe agogo, ni in faɗi abin da na gani.

Wata rana da hantsi wata malama 'yar Filato da ke koyarwa a Gwarzo ta yi sallama. Mijinta abokin aikin Malam ne a da, ya rasu da damina. Muka gaisa, muka sake yi mata gaisuwar rashi, sannan ta kwance hankici ta fito da agogo.

"Baba, na marigayi ne. An ce fuskarsa ta lalace, wai in bari a sake mata fenti kafin in ba ɗana."

Malam ya miƙo mini. "Hajiya, me kika gani?"

Na karkata shi wajen haske. "Asalinta baƙa ce, ta koma ruwan zuma. Babu dabbare-dabbare, rubutun ma ya dushe tare da ita. Amma gefen ƙarfe uku ya fi koɗewa."

Ya karɓa yana shafa gilashin da babban yatsa. "Malama, riga mai dogon hannu yake sawa ko?"

"Kullum, Baba. Ko da zafi."

"To hannun rigar ne ya rufe ɗaya gefen, rana ta ci wannan. Ba lalacewa ba ce."

Ta ce shekara da shekaru a kan babur yake zuwa makarantar Lakwaya. Muryarta ta karye, ta sunkuyar da kai. Muka ƙyale ta har ta share hawayenta.

"Kada ki bari a taɓa fuskar nan," in ji Malam. "A sa masa mai kawai."

Ta ɗaura shi a hannunta, ya yi mata yawa, yana zamewa. Haka ta tafi tana dafe da shi. Na raka ta har bakin titi, na tsaya sai da ta sami motar Gwarzo.