Sallar da Muka Sa Yadin Kifi

Mu tara Inna ta haifa, kuma a ɗaki biyu muka tashi gaba ɗayanmu, a wani gidan haya da ke bayan tashar Makarfi. Baba lodin rake yake yi. In kakar rake ta kama, da asuba yake fita, sai yamma ya dawo yana susar wuya, da guntayen rake a hammata. Sauran lamarin gida duk a wuyan Inna yake. Da safe ta yi ɗanwaken sayarwa, da hantsi ta hau keken ɗinki, bakinta kuwa ba ya hutawa. In za ta kira ɗayanmu, sai ta bi sunaye huɗu ko biyar ba ta faɗo kan wanda take nema ba, in ta gaji ta ce, "Kai, wanda dai ya san shi ne!" Mai laifin kuwa yakan san kansa.

Ni ce ta biyar. A lokacin da nake ba da labari ina aji huɗu a firamare.

Ana saura kwanaki ƙaramar Sallah, sai ga Inna ta dawo daga kasuwa da bandir guda na yadi a ka. Ta shimfiɗa shi a tabarma. Kore ne shar, da manya-manyan kifaye ruwan ɗorawa, kowanne ya zaro ido kamar an ba shi tsoro. Ta ce mai shagon ya gaji da ganinsa, shi ya sa ya sakar mata.

Yaya, babbanmu, lokacin ya fara gashin baki, yana koyon gyaran babur. Ya dubi yadin, ya dubi Inna.

"Inna, wai har da ni?"

"Har da babanku, in ya tsaya na auna shi."

Baba na jin haka ya zura takalmi ya fice.

Ta ɗinka mana kuwa, maza riga da wando, mata riga da zane da ɗankwali. Ranar idi da muka jero a hanya, yaran unguwa suka bi mu suna ihu, "Kogi ya kawo! Kogi ya kawo!" Inna ko a jikinta. Yaya kuwa sai ya ɗora wata tsohuwar rigar sanyi a kan tasa, ga rana kamar ta fasa kai, yana ta zufa yana cewa zazzaɓi yake ji.

Washegari muka sake sa kayan kifinmu, muka tafi Ikara gaida Kaka. Da ragowar yadin Inna ta ɗinka wa ɗan ƙanwarta da ke zaune a gidan Kaka riga, yaro sa'an Autanmu, tsayinsu ɗaya, askinsu ɗaya. Uwarsa ta sa masa nan take, shi da Auta suka shiga gari tare. Muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe har muka kasa tashi.

Bayan la'asar 'yan gidan suka rako mu tasha. Tashar ta cika maƙil da masu yawon Sallah. Inna ta tsaya a ƙofar bas kamar yadda ta saba, duk wanda zai shiga sai ta dafa kansa ta ƙirga. Ta ce, "Tara cif. Direba, bismilla."

Mun yi nisa, gonakin dawa sun fara wucewa, sai ta kwance ƙullin cincin da Kaka ta ba mu ta fara rabo. Ta miƙa hannu baya ta ce, "Auta, karɓi." Yaron da ke jikin taga ya juyo. Ɗan ƙanwarta ne.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Mota na hau," in ji shi, yana washe baki.

"Ina Auta?"

"Ya tafi kallon mai biri."

Ban taɓa ganin Inna ta rasa abin faɗa ba sai ranar. Cincin ya zube a cinyarta. Sai salati ta yi, shi ma can ƙasa-ƙasa. Mu da muke dariya muka haɗiye ta.

Yaya ne ya buga jikin motar ya ce a tsaya. Direba ya fara ƙunƙuni, wai shi yana da lodi na jiransa a Makarfi. Wani dattijo mai carbi da ke gaba ya ce, "Juya, ɗana. Ɗan mutum aka bari, ba buhun masara ba." Sauran fasinjoji suka goyi bayansa, direba ya juya.

Ba mu yi wata tafiya ba sai ga wata a-kori-kura ɗauke da kwandunan tattasai tana tahowa, tana ta kunna mana fitila, direbanta ya fito da hannu yana kaɗawa. Muka tsaya, ta tsaya. A gidan gaba, kusa da direba, ga Auta zaune ya harɗe, awara a hannun dama, awara a hannun hagu, kumatu duk yaji.

Direban a-kori-kurar ya gaida Inna ya ce, "Hajiya, wata mai awara ce a tasha ta tsince shi yana kuka. Ta ce ta ga shigarku mota. Ta ce in bi hanyar Makarfi, duk motar da na gani cike da kifi in tsayar da ita."

Motarmu ta kwashe da dariya, har dattijon nan sai da ya share ƙwalla. Inna ta sauka ba takalmi, ta ciro Auta, ta shafa kansa, ta duba hannuwansa da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya kamar yau ta haife shi. Ta juya mana baya ta daɗe tana goge fuska da bakin mayafi. Sannan ta shiga sa wa direban albarka, shi da iyayensa da motarsa.

Auta kuwa da ya ga za a raba shi da gidan gaba, sai ya ɓare baki. Direban ya ce kukan da ya yi a tasha bai kai wannan ba.

Dole muka ƙarasa Ikara, don can ma gida ya rikice, ƙanwar Inna ta fita neman nata ɗan ba mayafi. Inna ta miƙa mata shi, suka yi wa juna faɗa, suka yi dariya. Daga nan Inna ta nemo mai awarar, wata doguwar mata mai tsagar kalangu, ta riƙe hannunta ta ƙi saki, ta juye mata sauran cincin ɗinmu kaf, muna kallo.

Ana kiran magariba muka iso gida. Baba na alwala a ƙofar ɗaki.

"Sannunku da zuwa. Yaya hanya?"

"Lafiya lau," in ji Inna, ta bi mu da wani kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kama bakinsa.

Sai Auta ya ruga ya faɗa jikinsa. "Baba, Baba! Yau na ɓata, kuma na hau gaban mota!"

Baba ya ajiye buta a hankali ya dubi Inna. Ita kuwa ta ce tuwo take so ta ɗora, ta shige madafa da sauri.